Darasin Kiwon Lafiya: Haɗarin Zubewar Buhuna a Sito

Da kaka ta yi, sito da rumfunan kasuwa sukan cika da buhunan hatsi. A manyan kasuwanni irin su Dawanau ta Kano, akan jibga buhuna har su kusa taɓa rufi. A nan ne 'yan dako da masu awo suke gamuwa da haɗari, domin tarin buhu ba ya sallama kafin ya zube.

Cikakken buhun masara yana kai kilo 100, na taki ko siminti kuwa kilo 50. Idan buhun masara 5 suka faɗo wa mutum, rabin tan ke nan a kansa. Abin da kan biyo baya shi ne karaya, ko rauni a gadon baya, ko nauyin ya danne ƙirji har numfashi ya gagara.

Yawanci laifin daga jeri ne. Wasu sukan ɗora buhu kan buhu sak, kowane layi yana tsaye shi kaɗai, ɗan turi sai ya kife. Yadda ya kamata shi ne a saɓa su kamar ginin bulo: sahun ƙasa a miƙe, na bisansa a gicciye, don su riƙe juna. Tarin ya zama mai faɗin gindi, yana tsukewa ta sama. Haka dalar gyaɗa ta Kano take a shekarun 1950 da 1960, shi ya sa take yin tsawo ba ta zube ba.

A shimfiɗa katako kafin a fara jeri. Danshi yana ruɓar da buhun ƙasa, ɓera kuma yana huda shi. Hatsi na tsiyayewa, tarin na karkacewa. Wajen ɗiba a fara daga sama, kada a zaro na tsakiya don saurin sallamar mai saye. Masu kishingiɗa a gindin tari da rana su ma su sake wuri.

Idan buhuna suka danne mutum, kada a jawo shi ta hannu ko ƙafa. A ɗauke buhunan ɗaya bayan ɗaya, a fara da na ƙirji. In yana kukan wuya ko baya, kada a zaunar da shi. A ɗora shi a miƙe bisa faffaɗan katako ko ƙyaure, wani ya riƙe kansa, a kai shi asibiti. Wanda ya daɗe a danne, ko da ya tashi da ƙafarsa, sai likita ya duba shi, domin naman da ya murƙushe yana iya taɓa ƙoda. Alamarsa ita ce fitsari ya ragu ko ya yi duhu kamar shayi.