Yadda ƙungiyar 'yan kifi za ta koyar da na'ura daga ribarta da asararta

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT da Meta AI sun sha karatu, amma ba su taɓa tsayawa a kasuwar Yelwa ana cinikin banda ba. Ka tambaye su a sayar yau ko a jira, sai su ba ka amsa mai daɗin ji wadda ba ta san Tafkin Kainji ba. Tarihin cinikin ƙungiyarku ne zai gyara musu baki.

1. Ku ɗauki shawara ɗaya da ake yawan yankewa. Misali: busasshen warangi, a sayar a Yauri ko a loda zuwa Anacha?

2. Ku rubuta tun mota ba ta tashi ba. Magatakarda ya ja layuka a littafi: rana, irin kifi, kwali nawa, kuɗin saye, abin da manhaja ta ce, abin da dattawa suka ce, abin da aka yi, da ribar da ake sa rai. In an dawo daga kasuwa, kowa cewa yake dama ya faɗa.

3. Ku sa yanayin ruwa. Tafkin da madatsar 1968 ta haifar yana samun ruwa sau biyu: mai laka na daminarmu, sannan wanda ke gangarowa daga Gini da Mali ya iso da hunturu. Kamu da farashi suna bin wannan, kuma banda ta fi saurin yin fumfuna da damina.

4. Ku rubuta sakamako bayan an cire komai: itacen banda, kuɗin mota, la'adar dillali, kifin da ya farfashe ko ƙwari suka ci. Bashin da bai dawo ba, kada a kira shi riba.

5. Ku raba dabara da sa'a. In mota ta lalace a hanyar Kontagora kaya suka kwana, laifin mota ne, a sa alama. Ku kuma tambayi 'yan'uwa na Wara ko Shanga da suka sayar a gida nawa suka samu, don a san abin da aka bari.

6. Ƙarshen wata, ku ba manhajar lissafin, ban da sunaye da lambobin waya. Ku ce ta nuna inda shawararta ta kuskure da dalili. Darasin da taro ya amince da shi a tara a takarda ɗaya, a riƙa liƙa mata a farkon kowace hira, domin ba lallai ta tuna ba.

In shekara ta zagayo, ku gwada layin manhaja da na dattawa. Inda ta fi dacewa, a saurare ta. Inda dattawa suka fi, a rubuta dalilinsu a ƙara mata.