Darasin Sana'a: Ɗaukar Hoton Biki

Kaka ta yi, amfanin gona ya shigo gida, bukukuwan aure sun kankama a ƙauyuka. Saboda haka darasinmu na wannan wata a kan ɗaukar hoton biki ne, domin sabon shiga.

A da, sai an ɗauko mai hoto daga birni. Yakan zo da kyamara mai fim, fim ɗaya kuwa hoto 24 ko 36 yake ɗauka, kuma ba a ganin abin da aka ɗauka sai an wanke. Yanzu wayar hannu tana yin wannan aiki, kana ɗauka kana gani. Sai dai ba za a sake ɗaura aure domin hotonka bai fita ba. Wanda ya karɓi wannan aiki amana ya karɓa.

Tun ana gobe biki ka cika wayarka da caji, ka rage tsofaffin hotuna don a sami wuri. Ka tanadi ƙyalle mai laushi na goge gilashin kyamara, domin ƙurar hunturu da maiƙon yatsa suna sa hoto ya fito kamar an ɗauke shi cikin hazo. Sannan ka tambayi masu biki tsarinsu: yaushe ne kamu, ina za a ɗaura aure, ƙarfe nawa za a kai amarya.

Babban abin lura shi ne haske. Kada rana ta kasance a bayan mutanen da kake ɗauka, in ba haka ba fuskokinsu za su fito baƙi ƙirin. Ta kasance a bayanka ko a gefenka. Rana tsaka ita ma ba ta da kyau, don inuwa takan sauka a kan idanu, mutane kuma su riƙa ƙanƙance ido. Ga shi kuwa a wurare da yawa bayan sallar Juma'a ake ɗaurin aure, rana na saman kai. To, sai ka ja mutane zuwa inuwar bango ko rumfa. Ka guji bishiyar da rana ke ratsa ganyenta, za ta yi musu dabbare-dabbare a fuska. Idan zaɓi a hannunka yake, hantsi da bayan la'asar sun fi.

Akwai kuma matsalar farar shadda. Idan ango da abokansa suka sha fararen kaya, kyamara takan ga haske ya yi yawa ta rage shi, sai riga ta fito fes, fuska ta dushe. Maganinsa ka taɓa fuskar ango a gilashin wayar da yatsa kafin ka ɗauka. A yawancin wayoyi wata 'yar alamar rana za ta fito, ka ƙara hasken da ita kaɗan. Kaɗan na ce, don in ya yi yawa aikin rigar zai ɓace, ango kuwa kuɗi ya biya maɗinki.

Ka riƙe wayar da hannu biyu, ka manna gwiwoyin hannu a haƙarƙari. Kada ka jawo hoto da yatsu daga nesa, yana dusashewa. Taka ka matsa kusa. Ka dubi bayan mutane tukuna, kada a ga shanya ko turken akuya, ko reshe kamar ya tsiro a kan amarya. A hoton taro dattawa su zauna a tsakiya, dogaye su tsaya baya, yara su zauna ƙasa. Ka ɗauka sau 3, don ba a rasa mai ƙifta ido.

Da dare fitilar waya ba ta wuce taku 3 ko 4. Gara wani ya riƙe maka fitilar caji daga gefe.

Sai batun ladabi, wanda a ganina ya fi sauran nauyi. Kada ka ratsa gaban liman da waliyyai ana cikin ɗaurin aure. Kada ka kutsa cikin gida wurin mata sai da izinin mai gida. Kada ka matsa wa amarya ta yaye lulluɓi, bari ƙawayenta su lallashe ta. Kuma hoton matar mutum ba naka ba ne, kada ka tura wa kowa ko ka sa a Facebook sai masu shi sun yarda. 'Yan'uwa mata ɗaliban ajin yaƙi da jahilci, ga dama ta samu: wurin sa lalle da kamu da buɗar kai, mace mai hoto tana shiga inda namiji ba zai shiga ba.

Ku yi ciniki tun farko. Hoto nawa za a wanke, wane girma, nawa ne kafin alƙalami, ka rubuta duka a littafinka, tunda yanzu ka iya rubutu. A daren bikin ka kwafe hotunan a katin memori ko wata wayar, don waya na iya ɓata ko ta faɗa ruwa. Wajen wanki ka kai na asali, domin wanda aka tura ta WhatsApp yadda aka saba ingancinsa yakan ragu.

Aikin gida: ka sa wa ƙaninka farar riga, ka ɗauke shi da hantsi, da rana tsaka, da bayan la'asar. Ka kai wa malamin ajinku hotunan ku gwada su tare.