Amsoshin Tambayoyinku: Zaɓin da Bai Dace da Umarni Ba

Wani mai sauraronmu, ɗalibin ilimin kwamfuta, ya aiko da tambaya: idan mutum ya rubuta wa manhaja umarni ya haɗa da zaɓin da ba na wannan umarnin ba, shin ta yi shiru ta ci gaba, ko ta ƙi?

To Malam, ta ƙi, kuma ta faɗi dalili. Dubi Git, manhajar da Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005. Zaɓin --amend na umarnin commit ne. Ka liƙa shi a jikin umarnin status, nan take Git za ta ce ba ta san shi ba, ta jero maka waɗanda suka halatta, ta tsaya da lambar kuskure 129.

Shirun yana da haɗari. A ce ka rubuta --dry-run, nufinka gwaji kawai, sai manhajar ta yi kunnen uwar shegu da shi ta goge fayilolinka da gaske. Wa gari ya waya? Aikin wata guda ya tafi, alhali kana zaton ka yi taka-tsantsan.

Don haka in kana rubuta taka manhajar, kowane umarni ka ware masa zaɓuɓɓukansa, wanda ba nasa ba kuwa a mayar da shi da bayani tun kafin a taɓa komai. Da fatan ka gamsu.