Me Kifi Yake Ci?

A hutun da ya wuce na je wurin kakana a wani ƙauye kusa da Yawuri, a bakin kogin Kwara. Shi masunci ne. Wata rana da safe yana gyaran wata ƙatuwar tarwaɗa, sai ya farke tumbinta ya ce in duba. Na ga tana, da ƙwari, da tsabar gero, har da wata 'yar tarwaɗa da ba ta gama narkewa ba. Ya ce mini, "Jikana, wanda bai san abin da kifi ke ci ba, sai ya yini a bakin ruwa ya koma gida da kwando wayam." Da na dawo makaranta na kai wa malaminmu na ilmin halittu wannan magana. Abin da na koya wurin su biyun shi ne nake so in gaya wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Da farko dai, ana iya kasa kifaye kashi uku: masu cin tsiro, da masu cin nama, da waɗanda ba su da zaɓi. Idan kana so ka gane kashin da kifi yake ciki, dubi bakinsa da hanjinsa. Mai cin tsiro hanjinsa dogo ne ƙwarai, domin ganye ba ya narkewa da wuri. Mai cin nama kuwa bakinsa faffaɗa ne, hanjinsa gajere.

Karfasa ita ce misalin kashi na farko. Yawancin abincinta gansakuka ne da wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, waɗanda ke sa ruwan tafki ya yi kore. Takan haɗiyi ruwa ta tace shi kamar yadda ake tace gasara, ruwan ya fita ta gefen kanta, abincin ya wuce ciki. Wani abin mamaki shi ne, a wasu irin karfasa uwar takan ɗauki ƙwanta a baki har su ƙyanƙyashe, duk tsawon kwanakin nan kuwa ba ta cin kome.

A kashi na biyu akwai giwan ruwa, wanda yakan kai kusan mita 2, nauyinsa kuma har kilo 200. Yana ƙarami ƙwari yake ci, in ya girma sai ya koma haɗiyar kifaye ɗungum. Akwai tsage mai haƙora kamar ƙusa, wanda ke bin ƙananan kifaye da gudu ya datse su. Minjirya ba ta iya gudu ba, amma Allah ya ba ta lantarki a jiki, da shi take sumar da abin farautarta kafin ta haɗiye. Talibamban kuma haƙoransa sun haɗe kamar bakin aku, da su yake fasa katantanwar ruwa.

Kashi na uku su ne irin su tarwaɗa da ƙurungu. Tarwaɗa ta fi kiwo da dare ko cikin ruwa mai laka, inda ido ba ya da amfani. Gashin bakin nan nata ba ado ba ne, da shi take lalube tana ɗanɗana abinci. Wani irin ƙurungu kuma yakan yi iyo a rigingine domin ya tsinci abin da ke yawo a saman ruwa. Gaiwa ta fi su duka haƙuri. In fadama ta ƙafe sai ta shige cikin taɓo ta kwanta wata da watanni ba ci ba sha, jikinta yana cin kansa, har damina ta dawo.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Da damina kogi yakan cika ya malala cikin fadamu, kifaye su bi shi su yi ƙwai, su ci ƙwari da tsabar ciyawa su yi ƙiba. Da rani abinci yakan yi ƙaranci, sai su rayu da kitsen da suka tara. Shi ya sa, tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ambaliyar da ke shiga fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, masuntan wurin suka ji a jikinsu.

To, mene ne amfanin sanin wannan? Ga darasi daga Tafkin Biktoriya na Afirka ta Gabas. A shekarun 1950 aka kai giwan ruwa can don a sami babban kifi. Zuwa shekarun 1980 ya yaɗu ya yi ta cin ƙananan kifayen tafkin, har iri wajen 200 suka ɓace. Ga shi kuma da kitse, ba ya shanyuwa a rana sai an yi banda, saboda haka aka yi ta sare itatuwa. Ashe abincin kifi sarƙa ce: gansakuka ta ciyar da karfasa, karfasa ta ciyar da giwan ruwa, shi kuma ya ciyar da mu. In an tsinke wuri ɗaya, kowa zai taɓu.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu masunta su guji zuba guba a ruwa, domin ba manyan kifaye kaɗai take kashewa ba, har da 'ya'yansu da ƙwarin da suke ci. A kuma daina sa taru mai ƙananan ido. Masu kiwon tarwaɗa a gida su riƙa raba manya da ƙanana, in ba haka ba manyan za su cinye su, kada kuma su zuba abincin da ya fi ƙarfin kifin, don ragowar ruɓewa take yi ta ɓata ruwan. Mu ɗalibai kuwa, in aka sayo kifi a gida, mu tsaya a farke tumbinsa a gabanmu mu ga abin da ya ci. Ni dai a can na fara karatuna.