Ƙiba da Kwaɗayin Abinci: Aikin Endofin a Jikin Ɗan Adam

Jama'a da yawa sun ɗauka cewa tumbi alamar wadata ne. Ga likitoci kuwa, ƙiba mai yawa ciwo ce, domin ita ke share wa hawan jini da ciwon sukari da ciwon gwiwa hanya. Binciken da aka yi tare da Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2022 masu fama da ita sun haura biliyan ɗaya.

Mene ne endofin?

A shekarar 1975 wasu masana biyu, John Hughes da Hans Kosterlitz, na Jami'ar Aberdeen a ƙasar Sikotlan, suka gano cewa ƙwaƙwalwa tana sarrafa wani sinadari nata na kanta mai rage zafin ciwo da kawo nishaɗi. Dangin wannan sinadari su ake kira endofin. A ƙwaƙwalwa akwai gurabe da endofin ke shiga, kamar yadda mabuɗi ke shiga kwaɗo. Waɗannan gurabe su ne kuma kodin da tiramadol ke shiga, shi ya sa masu shan su ke kasa dainawa. Saboda irin wannan ɓarna ne Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin a shekarar 2018.

Ina ruwan endofin da ƙiba?

Idan mutum ya ci abu mai zaƙi ko maiƙo, sai ƙwaƙwalwa ta saki endofin, ya ji daɗi, rai ya nemi ƙari ko da ciki ya cika. Watau yunwa daban, kwaɗayi daban. Wannan ne dalilin da za ka ga magidanci ya ƙoshi da tuwo, amma ƙamshin tsire ko ganin lemon kwalba ya sake tayar masa da marmari.

A shekarar 2015 masu bincike a birnin Turku na ƙasar Finlan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu ƙiba, suka tarar gurabun nan sun ragu. Masana na ganin cewa mai irin wannan hali sai ya ci da yawa kafin ya sami daɗin da wani ke samu da kaɗan. Bayan an yi musu aiki nauyinsu ya sauka, gurabun suka farfaɗo. Don haka kada a yi wa mai ƙiba gori. Taimako yake bukata, kuma al'amarin yana gyaruwa.

Yadda za ka auna kanka

Raba nauyinka na kilo da tsawonka na mita, ka sake raba amsar da tsawon. In ka sami 30 ko fiye, ƙiba ta kama ka. Ga misali, mai tsawon mita 1.7 da nauyin kilo 87 ya kai wannan haddi.

Abin da ya kamata a yi

1. Motsa jiki. Tafiya da sauri da noma da wasan ƙwallo su ma suna sa jiki ya saki endofin. Ana son babba ya yi minti 150 a mako. Mazaunin Barunde a Gombe da ya saba hawa babur zuwa masallaci ko shagon unguwa, ya riƙa takawa da ƙafa.

2. Rage sukari a shayi da koko da fura, sannu a hankali, har harshe ya saba.

3. Yawaita zogale da rama da wake, a rage soye-soye.

4. Kada iyaye su mai da alewa ladan yaro kullum, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

5. A guji sayen ƙwayar ƙara ƙiba ko ta rage ta a kemis. Akwai magani mai toshe gurabun endofin don rage kwaɗayi, wanda Amurka ta amince da shi a shekarar 2014, amma likita kaɗai ke da ikon ba da shi.

Wanda nauyinsa ya fi ƙarfinsa ya je asibiti mafi kusa, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, a auna masa jini da sukari. Rigakafi ya fi magani.