Darasi: Idan Tattalin Arziki Ya Karye, Wa Ake Fara Sallama?



A darasinmu na yau ina so mu duba abin da karayar tattalin arziki kan yi wa baƙon ma'aikaci a Malesiya. Sau uku ƙasar nan ta shiga irin wannan hali a zamaninmu: 1998, 2009 da 2020. A duk ukun, abin da na lura da shi ɗaya ne. Baƙo ake fara sallama, sannan a ƙuntata wa wanda ya rage irin aikin da zai yi.

Wannan a rubuce yake. Sashe na 60N na Dokar Ƙwadago ta 1955 ya hana mai kamfani sallamar ɗan ƙasa wajen rage ma'aikata, sai ya fara sallamar baƙin da ke irin aikinsa. Takardar izinin aiki kuwa ɗaure take da sunan mai kamfani, don haka wanda ya rasa aiki ya kusa rasa zamansa.

A Janairun 2009 gwamnati ta dakatar da ɗaukar sababbin baƙi a masana'antu da harkokin hidima, kuma a Maris ta soke bizar 'yan Bangaladash 55,000. A 2020, bayan kullen korona na 18 ga Maris, an kama baƙi da dama a unguwar Masjid India da kewayen kasuwar Selayang. Zuwa Yuli aka ce gini, noma da gonakin kwakwar manja kaɗai za a bar wa baƙi, wato ayyuka masu wuya da haɗari waɗanda 'yan ƙasa ke gudu.

Mu Hausawa hanyarmu ta fi ƙunci, domin Nijeriya da Nijar ba sa cikin ƙasashen da aka yarda a ɗauko leburori daga cikinsu. Yawancinmu ɗalibai ne, kuma ɗalibi ba ya wuce awa 20 a mako, lokacin hutu kawai, a gidan abinci, gidan mai, ƙaramin kanti ko otal. Waɗannan ne wuraren da ke fara rufewa idan kasuwa ta mutu.

Nasihata ita ce, kowa ya san sharuɗɗan takardarsa, kada ya bari ta ƙare. Mu yi tanadi a shekarun yalwa kamar yadda Annabi Yusuf (AS) ya shawarci mutanen Masar, mu kuma tallafa wa ɗan uwan da aka sallama kafin bashi ya kai shi ga aikin da doka ta hana.

Allah Ya buɗa mana ƙofofin halal, amin.