Giɓi da Ƙarfen Daidaita Haƙora: Kada Gaggawa Ta Ɓata Aiki

Akwai wata jita-jita da ta daɗe tana kai-komo a tsakanin iyaye, har ta kai ga gundurar da ni, wai duk wanda ya rasa haƙorin gaba, muddin aka ɗaura masa ƙarfen daidaita haƙora, tilas ne ya yi ta yawo da giɓi a fili shekara biyu cur, yana kare baki da gefen mayafi ko tafin hannu duk sa'ad da dariya ta kama shi. Wannan magana ba ta da tushe balle makama, amma saboda ita sai ka ga uwa ta janye 'yarta daga magani, ko saurayi ya ruga wurin mai sa haƙori na bakin kasuwa.

Dalilan giɓin ba su buƙatar dogon sharhi. Yawancinsu haɗarin babur ne, ko faɗuwa a ƙuruciya, ko ruɓewa. Wasu kuwa haka Allah ya halicce su, domin kimanin mutum 1 zuwa 2 cikin 100 ƙananan haƙoran nan na sama da ke gefen manyan na gaba ba sa tsiro musu ko kaɗan.

Abin da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, tun ranar da aka ɗaura wayar ƙarfen ana iya rufe giɓin, muddin akwai fili. Likita zai zaɓi haƙorin roba wanda launinsa da girmansa suka dace da maƙwabtansa, ya manna masa ɗan ƙarfe irin wanda ya manna wa sauran, sa'an nan ya ɗaure shi a jikin wayar, ta yadda wanda ke zaune daura da kai ba zai rarrabe na roba da na halitta ba. Idan magani na rage filin ne, a kankare gefensa kaɗan kaɗan. Idan kuwa buɗa filin ake yi, a ƙara masa faɗi ko a sauya wani. Wanda ke amfani da robar nan mai garai-garai da ake kifawa a kan haƙora, shi ma akan cika masa gurbin da abu mai launin haƙori a cikin robar. Bayan an cire waya kuma, farantin da ake ba shi don kada haƙora su koma gidan jiya yakan zo da haƙori a jikinsa. Saboda haka da wuya a sami wata marhala da za a bar mutum da kunya.

To, ga gargaɗin da nake so ya zauna a zuciya, wanda ba zan gaji da maimaita shi ba: kada a dasa haƙori na dindindin kafin a gama daidaitawa. Haƙorin halitta yana motsawa ne saboda wasu siraran zaruruwa da ke tsakanin saiwarsa da ƙashi, waɗanda in waya ta matsa musu a hankali sai ƙashin ya narke ta wannan gefe ya ginu ta wancan. Dashen ƙarfe kuwa ba shi da waɗannan zaruruwa. Haɗewa yake da ƙashi ya kafe kamar turke, babu wayar da za ta gusar da shi. Wanda ya dasa shi a gurbin da bai dace ba, ya tilasta wa sauran haƙora bin kuskuren har abada, ko kuwa a fasa ƙashi a ciro shi. Ga yaro kuma lamarin ya fi muni, domin muƙamuƙinsa na ci gaba da girma, haƙoransa na sauka, dashen yana nan inda aka bar shi, har ya zama gajere a tsakanin 'yan'uwansa. Shi ya sa ake jira sai girma ya tsaya, wajen shekara 18 ga mata, maza kuwa sukan haura haka. Duk da wannan bayani, sai uba ya dube ni ya ce, “Likita, bikin 'yata saura wata biyu, a sa mata kawai.” Alhaji, biki kwana bakwai ne, bakin kuwa da shi za ta zauna iyakar rayuwarta.

Wasu kuma suna ɗari-ɗari ne don tsoron kada gyaran ya zama sauya halittar Ubangiji. Malamai sun bambanta tsakanin mai kankare haƙora don neman wushirya da ƙawa, wanda hani ya zo a kansa, da mai kawar da aibi ko lahani, kuma sun kafa hujja da ƙissar Sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi tun zamanin Jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi da sa na zinariya. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa.

Shi kuma haƙorin roban nan na wucin-gadi, na ado ne, ba na aiki ba. Kada a ɓare rake da shi, kada a ja kilishi, kada a gatsa goro ko a gwagwiyi gasasshiyar masara. A yanka abinci ƙanana a tura wa matauna. A riƙa tsabtace ƙarƙashinsa da siririn buroshi bayan kowane cin abinci, a yi asuwaki a hankali don kada ya ɓamɓare ƙarfen. In ya faɗi, a nannaɗe shi a kawo, kada a kuskura a liƙa shi da gam ɗin gyaran takalmi, wanda ke ƙona dasashi. Wayoyin ado da ake tallatawa a intanet kuwa, waɗanda 'yan mata ke ɗaurawa a ɗakin kitso, ba magani ba ne, suna iya karkatar da lafiyayyun haƙora.

Jama'a, mai giɓi ya nufi sashen haƙori na asibitin koyarwa mafi kusa da shi, ya nemi ƙwararren likitan daidaita haƙora, ya tambaye shi tun zaman farko yadda za a rufe masa gurbin. Allah ya ba mu lafiya mai amfani.